Geoffrey Howe: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ministan da Ya Fi Kowa Daɗewa Tare da Thatcher

Duk wanda ya bi siyasar Birtaniya a shekarun 1980 ya san Margaret Thatcher. Waɗanda suka san Geoffrey Howe ba su kai haka yawa ba, alhali a shekara 11 da rabi da ta yi tana mulki, shi kaɗai ne ministan da ya zauna a majalisar ministocinta tun daga ranar farko har saura mako huɗu ta sauka. Shi ya riƙe mata baitulmali, shi ya riƙe mata harkokin waje, shi ne kuma ya miƙe a zauren majalisa ya yi jawabin da ya share hanyar saukarta. Ga masu karatu a Najeriya akwai wani dalili na musamman na sanin sa: a kan teburinsa maganar Alhaji Umaru Dikko ta faɗo a 1984.

Wane ne Geoffrey Howe, kuma waɗanne muƙamai ya riƙe?

Lauya ne ɗan jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau. An haife shi ranar 20 ga Disamba 1926 a Port Talbot da ke kudancin Wales, ya rasu ranar 9 ga Oktoba 2015 yana da shekara 88. A gwamnatin Edward Heath ya fara da muƙamin mataimakin babban lauyan gwamnati a 1970, ya shiga majalisar ministoci a 1972 a matsayin ministan ciniki da kare haƙƙin masu saye. Da Thatcher ta hau a 1979 sai ya zama ministan kuɗi har 1983, sannan ministan harkokin waje har 1989, daga nan jagoran harkokin gwamnati a majalisar wakilai kuma mataimakin firaminista, har ya ajiye aiki ranar 1 ga Nuwamba 1990. Shekara 6 da ya yi a ma'aikatar harkokin waje, rabon da a ga wani ya daɗe haka a jere a kujerar tun Edward Grey, wanda ya sauka a 1916.

Yaya aka yi ɗan garin ma'aikatan ƙarfe ya zama ɗan Conservative?

Port Talbot gari ne na masana'antar ƙarfe, kuma yankin na jam'iyyar Leba ne gaba da baya. Amma gidan su Howe ba na lebura ba ne. Mahaifinsa lauya ne mai rufin asiri. Ya yi makarantar Winchester, ya yi aikin soja a sashen sadarwa a Gabashin Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya karanta shari'a a Cambridge, ya zama lauya a 1952.

Shigarsa majalisa ba ta zo da sauƙi ba. Sau biyu ya tsaya a mazaɓar garinsu, Aberavon, a 1955 da 1959, sau biyu yana shan kaye. A 1964 ya ci Bebington, aka ƙwace a 1966. Sai 1970 ya samu kujerar da ta zauna masa a Reigate, daga baya East Surrey, wadda ya riƙe har 1992.

Akwai wani aiki da ya yi kafin zamanin Thatcher da ya kamata a tuna?

Akwai, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da ya yi a rayuwarsa. Lokacin da ba ya majalisa, aka ba shi shugabancin binciken asibitin Ely da ke Cardiff, inda ake ajiye masu naƙasar ƙwaƙwalwa, bayan wata jarida ta buga zargin ana cin zarafin majinyata. Jami'an ma'aikatar lafiya sun so a taƙaita rahoton, a cire abin da zai kunyata su. Howe ya kafe sai an buga shi cikakke, aka kuwa buga a 1969. Daga nan aka kafa hukumar da ke zagayawa tana duba irin waɗannan asibitoci. Mutanen da ya tsaya wa ba su da ƙuri'a mai yawa, ba su da mai magana da yawunsu, babu kuma wata ribar siyasa da zai samu a kansu.

A gwamnatin Heath kuwa hannunsa na cikin manyan dokoki biyu. Ta farko ita ce dokar ƙwadago ta 1971, wadda ta kafa kotu ta musamman don ladabtar da ƙungiyoyin ma'aikata. Ba ta yi nasara ba: da aka ɗaure ma'aikatan tashar jiragen ruwa biyar a 1972, ƙasa ta ɗauki zafi har aka sake su cikin 'yan kwanaki, Leba kuma ta soke dokar a 1974. Ta biyu ita ce dokar 1972 da ta shigar da Birtaniya cikin ƙungiyar kasuwar Turai daga 1 ga Janairu 1973. Sashe 12 kacal gare ta, amma ta ɗora dokar Turai a kan dokar gida. A riƙe wannan, domin maganar Turai ce za ta raba shi da Thatcher bayan shekara 18.

Me ya sa ake danganta shi da mushen tunkiya?

Denis Healey ne ya jawo masa. A 1978 Healey na ministan kuɗi na Leba, Howe na kakakin adawa kan tattalin arziki. Bayan Howe ya gama sukarsa a majalisa, Healey ya ce sukar Howe kamar mushen tunkiya ne ya kawo maka hari. Maganar ta bi shi har kabari, saboda ta yi daidai da yadda ake ganinsa: murya ƙasa-ƙasa, magana a hankali, ga dogon bayani irin na lauya. Su biyun kuwa abokai ne na gaske a wajen majalisa.

Wannan hali shi ne ƙarfinsa a wurin sasantawa, domin yakan zauna sa'o'i yana bin takarda layi-layi har abokin tattaunawa ya gaji ya amince. Shi ne kuma abin da ya riƙa tunzura Thatcher, wadda ba ta da haƙurin jiran mai magana ya kai aya.

Me ya yi a ma'aikatar kuɗi?

Abin da duniya ke kira manufofin Thatcher, kaso mai yawa daga ofishin Howe ya fito. Kasafinsa na farko, a watan Yunin 1979, ya rage harajin albashi na gama-gari daga kashi 33 cikin 100 zuwa 30, na masu manyan kuɗi kuma daga 83 zuwa 60. Don cike giɓin ya ɗaga harajin VAT, wanda a da yake kashi 8 da kashi 12.5, ya mayar da shi 15 bai ɗaya. Ma'ana nauyi ya tashi daga kan abin da mutum ya samu ya koma kan abin da ya saya, kuma kowa ya san wanda irin wannan sauyi ya fi taɓawa: mai ƙaramin ƙarfi, wanda duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa.

A watan Oktoban shekarar ya soke dokokin taƙaita fitar da kuɗi waje, waɗanda suke aiki tun 1939. Shekara 40 ɗan Birtaniya bai isa ya fitar da dukiyarsa yadda ya so ba, rana ɗaya aka ɗage. Wannan mataki na cikin abin da ya mayar da Landan babbar cibiyar hada-hadar kuɗi ta duniya, kuma babu gwamnatin da ta dawo da dokokin tun daga lokacin.

Babban yaƙinsa da hauhawar farashi ne. Aƙidarsa ita ce a matse yawan kuɗin da ke yawo, a rage bashin gwamnati. Kuɗin ruwa ya kai kashi 17 a Nuwamban 1979. Hauhawar farashi ta haura kusan kashi 22 a Mayun 1980, ƙarin VAT ɗin nasa na cikin abin da ya rura ta, sannan ta sauko ƙasa da kashi 4 kafin zaɓen 1983. Sai dai kuɗin ruwa mai tsada, haɗe da man Tekun Arewa, sun ɗaga darajar fam har ta wuce dala 2.40, kayan masana'antun Birtaniya suka yi tsada a waje, kamfanoni suka riƙa rufewa. Marasa aiki, waɗanda ba su kai miliyan 1 da rabi ba a 1979, suka haura miliyan 3 a Janairun 1982. Dubban ma'aikatan ƙarfe a garinsu Port Talbot na cikin waɗanda abin ya shafa.

Kasafin 1981 da ake ta magana a kai, daidai ne ko kuskure?

Har yau masana ba su daina jayayya ba. Abin da aka saba koyarwa shi ne idan tattalin arziki ya durƙushe, gwamnati ta sassauta haraji ta ƙara kashe kuɗi. Howe ya yi akasin haka a watan Maris 1981, ana tsakiyar karayar. Ya ƙi ɗaga iyakar albashin da ba a cire wa haraji duk da tsadar rayuwa, ya ƙara haraji kan fetur da taba da giya, ya ɗora wa bankuna haraji na musamman. Masana tattalin arziki 364 suka sa hannu a wasiƙa suna cewa wannan hanya ba ta da tushe kuma za ta ƙara dagula lamura.

Magoya bayansa suna nuna cewa daga wajen lokacin ne tattalin arzikin ya fara farfaɗowa, ya kuma ci gaba da haɓaka shekaru da dama. Wannan gaskiya ne. Masu suka suna amsawa da cewa a kasafin ne kuma ya rage kuɗin ruwa daga kashi 14 zuwa 12, fam ta fara sauka, don haka sassaucin da ya shigo ta bayan gida ne ya yi aikin. Suna ƙarawa da cewa sai 1987 yawan marasa aiki ya sauko ƙasa da miliyan 3. Wannan ma gaskiya ne.

Ni dai ina ganin duk wanda zai yaba masa kan karya hauhawar farashi, wajibi ne ya ambaci garuruwan arewacin Ingila da Wales da Scotland da suka biya kuɗin, waɗanda wasu ba su dawo hayyacinsu ba har yanzu. Howe bai taɓa nuna nadama kan kasafin ba, kuma bai taɓa ɗora wa Thatcher alhakinsa ba.

Da gaske ne ya ce a bar birnin Liverpool ya mutu?

Bayan tarzomar unguwar Toxteth a Yulin 1981, ministan muhalli Michael Heseltine ya nemi a zuba kuɗi mai yawa don farfaɗo da birnin. Takardun gwamnati da aka buɗe a ƙarshen 2011 sun nuna Howe ya rubuta wa Thatcher yana gargaɗin kada a ƙarar da ɗan abin da ake da shi wajen tura ruwa ya hau tudu, ya kuma ce kada a cire zaɓin barin birnin ya ragu a hankali bisa tsari. Da takardun suka fito ya ce ba a fahimce shi ba, shi dai yana auna inda kuɗi zai fi amfani ne. Mutanen Liverpool da yawa ba su karɓi wannan bayani ba, kuma ina ganin suna da hujja.

Mene ne babban abin da ya cimma a harkokin waje?

Farawar ba ta yi daɗi ba. A Oktoban 1983 ya shaida wa majalisa ba shi da dalilin zaton Amurka za ta mamaye Grenada, washegari sojojin Amurka suka sauka a tsibirin, wanda yake cikin ƙungiyar Kwamanwel.

Babban aikinsa shi ne Hong Kong. Hayar shekara 99 da Birtaniya ta yi na mafi yawan yankin za ta ƙare a 1997, Thatcher kuma da farko ta so a ci gaba da gudanar da mulkin Birtaniya ko da an mayar wa Sin da mallaka. Jagoran Sin Deng Xiaoping ya ce sam. Howe ne ya je Hong Kong a Afrilun 1984 ya gaya wa mutanen wurin baki da baki cewa tsammanin mulkin Birtaniya bayan 1997 ba abu ne mai yiwuwa ba, sannan ya koma teburi ya yi ta jan zare da Beijing har aka samu yarjejeniya mai cikakken bayani, aka sa mata hannu a Disamban 1984. Ta yi alkawarin Hong Kong za ta riƙe tsarinta na shari'a da kasuwanci da 'yancin jama'a shekara 50. Yau ana jayayya mai zafi kan ko Sin ta cika alkawarin, musamman tun dokar tsaro ta 2020, amma takardar da ake kafa hujja da ita wajen tuhumar Beijing ita ce wadda Howe ya yi wahalar samowa.

Yana kuma cikin waɗanda suka fara buɗe ƙofa ga ƙasashen gurguzu na Gabashin Turai, yana wurin lokacin da Mikhail Gorbachev ya ziyarci Thatcher a ƙarshen 1984 tun bai zama shugaban Tarayyar Sobiyet ba.

Wace rawa ya taka a maganar Umaru Dikko?

Alhaji Umaru Dikko ministan sufuri ne a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, shi ne kuma shugaban kwamitin shigo da shinkafa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 da ya kawo Janar Muhammadu Buhari, ya fice zuwa Landan, gwamnatin soja kuma ta sa shi a sahun gaba na waɗanda take nema bisa zargin almundahana, zargin da ya musanta. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a unguwar Bayswater. A yammacin ranar jami'an kwastam a filin jirgin Stansted suka buɗe wani akwatin katako da ake shirin lodawa a jirgin kaya na Nigeria Airways mai zuwa Legas, suka same shi a sume, tare da wani likita ɗan Isra'ila da ke kula da numfashinsa.

Abin da ya ba kwastam damar buɗewa shi ne akwatunan ba su ɗauke da alamomi da takardun da yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta shardanta kafin kaya su zama jakar diflomasiyya. Lokacin ma ya yi muni ga masu shirin. Kusan wata uku kafin nan an harbe 'yar sanda Yvonne Fletcher daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan, ma'aikatan ofishin suka fice da jakunkunansu ba a bincika ba, jama'ar Birtaniya na cike da fushi kan yadda ake fakewa da rigar kariya.

Binciken laifin na 'yan sanda ne da ministan cikin gida Leon Brittan. Abin da ya rage wa Howe shi ne yadda za a yi da Najeriya. Bayan kamar mako guda ya sanar da majalisa korar jami'ai biyu na ofishin jakadancin Najeriya, ya kuma ce bai dace jakada Manjo Janar Halidu Hananiya, wanda ya tafi Legas tuntuɓa, ya dawo ba. Najeriya ta rama: ta kori jami'an Birtaniya biyu, ta nemi a janye jakada Hamilton Whyte. Tun a farkon rikicin ma an tsare wani jirgin British Caledonian a Legas. Gwamnatocin Najeriya da Isra'ila duk sun ce ba su da hannu. Kotu a Landan ta ɗaure mutum huɗu, 'yan Isra'ila uku da ɗan Najeriya ɗaya, shekara 10 zuwa 14.

Abin lura shi ne Howe bai yanke hulɗa da Najeriya ba kamar yadda aka yi da Libiya. Najeriya babbar kasuwa ce ga kayan Birtaniya, kamfanoninsu na bin ta bashi mai yawa, ga dubban 'yan ƙasarsu da ke zaune a can. Ya hukunta daidai gwargwado, ya bar ƙofa a buɗe, aka dawo da musayar jakadu a 1986 zamanin Janar Babangida. Dikko kuwa ba a taɓa miƙa shi ba. Ko wace irin hujja gwamnatin soja take da ita a kansa, akwatin nan ya kashe ta, domin bayan abin da ya faru babu ministan Birtaniya da zai iya tsayawa gaban majalisa ya kare mayar da shi.

Ina ya tsaya kan mulkin wariyar launin fata?

Nan tarihinsa bai yi haske ba. Thatcher ta ƙi amincewa da takunkumin tattalin arziki mai ƙarfi kan Afirka ta Kudu, Howe kuma shi ne fuskar wannan manufa a waje, ko da yake shi da ma'aikatarsa sun fi ta son a sassauta wa ƙasashen Kwamanwel. A 1986 tawagar manyan mutane da Janar Olusegun Obasanjo da Malcolm Fraser na Ostireliya suka jagoranta ta tattara komatsanta bayan sojojin Pretoria sun kai hari Zambiya da Zimbabwe da Botswana, ta ba da shawarar takunkumi. Maimakon haka sai aka tura Howe yankin da sunan ƙasashen Turai. Shugabannin baƙaƙen fata irin su Desmond Tutu suka ƙi ganinsa, Kenneth Kaunda ya wanke shi tas a gaban kyamarori a Lusaka, shugaban Afirka ta Kudu P. W. Botha kuma ya sallame shi hannu rabbana. A wannan bazarar ƙasashe 32, da Najeriya a sahun farko, suka ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na Edinburgh.

Abin da za a rubuta masa shi ne a watan Satumban shekarar ya karɓi Oliver Tambo, shugaban ANC, a gidan saukar ministan harkokin waje da ke Chevening, a lokacin da firaministarsa ba ta son jin sunan ƙungiyar.

To me ya shiga tsakaninsa da Thatcher?

Abu biyu ne suka haɗu, wulaƙanci da Turai. Shekara da shekaru tana katse shi, tana yi masa faɗa a gaban sauran ministoci da ma'aikata, shi kuwa yana haɗiyewa. Ta fi sauraron mashawartanta na fada, Charles Powell kan harkokin waje da Alan Walters kan tattalin arziki, fiye da ministocin da ke riƙe da ma'aikatun.

A kan Turai, Howe da ministan kuɗi Nigel Lawson sun so fam ta shiga tsarin da ya ɗaure darajar kuɗaɗen Turai da juna, wanda mark na Jamus ke jagoranta. Ita ba ta so. Ana gobe taron Madrid a Yunin 1989 suka same ta su biyu suka ce in ba ta bayyana sharuɗɗan shiga ba za su sauka tare. Ta bayyana wasu sharuɗɗa a taron, amma ta riƙe abin a zuciya. Bayan wata guda ta yi garambawul, ta cire Howe daga harkokin waje ta ba John Major. Aka ba shi muƙamin mataimakin firaminista, kakakinta Bernard Ingham kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa muƙamin suna ne kawai. Lawson ya sauka a Oktoba. Howe ya ƙara daurewa shekara guda.

Tura ta kai bango ranar 30 ga Oktoba 1990. Thatcher ta dawo daga taron Roma, ta tsaya a majalisa ta yi watsi da shawarwarin Jacques Delors, shugaban hukumar zartarwar Turai, na ƙara wa hukumomin Turai iko da kalma uku: a'a, a'a, a'a. A zaman ne kuma ta nuna ba ta ga makomar wani kuɗin bai ɗaya na gwaji da ministan kuɗinta da kansa yake tallatawa a Turai ba. Bayan kwana biyu Howe ya miƙa takarda.

Me ya faɗa a jawabin murabus ɗin?

Sai ranar 13 ga Nuwamba ya yi magana, domin muryarsa ta dishe bayan saukarsa. A tsakanin nan fadar firaminista ta yi ta yaɗa cewa saɓanin na salo ne, babu bambancin manufa. Da wannan ya fara: ya ce in haka ne, to shi ne minista na farko a tarihi da ya sauka saboda ya yarda da manufar gwamnati ɗari bisa ɗari. Ya tuna zama kusan 700 da suka yi tare cikin shekara 18, na majalisar ministoci da na jagororin adawa, da tarukan ƙasa da ƙasa fiye da 30. Ya bayyana wa duniya barazanar Madrid, Lawson na zaune a gefensa. Ya ce firaminista na kallon Turai kamar nahiya ce cike da masu mugun nufi da ke ƙulla yadda za su rusa dimokuraɗiyya.

Ana gobe zai yi jawabin, da dare, Thatcher ta yi alfahari da misalin wasan kurket, ta ce duk ƙwallon da aka jefo mata za ta maka shi. Howe ya amsa da misalin wasan: ya ce halin da take jefa ministocinta kamar a tura 'yan wasan farko fili ne, sai an jefo ƙwallo su tarar kyaftin ɗinsu ya karya sandunansu tun kafin a fara. Ya rufe da cewa lokaci ya yi da wasu za su duba yadda za su amsa wannan mummunan karo tsakanin biyayya biyu, ga shugaba da ga ƙasa, wanda shi ya daɗe yana kokawa da shi, wataƙila fiye da kima.

Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Shekara guda ke nan da fara nuna zaman majalisar a talabijin, don haka ƙasa duka ta ga fuskar Thatcher tana sauraro. Shiru-shiru ba tsoro ba ne, kuma nauyin jawabin ya zo ne daga sanin da kowa ya yi cewa mai maganar ya shekara 15 yana kare ta.

Shi ne ya kayar da ita? Kuma ba cin amana ba ne?

Ba shi kaɗai ba. Harajin kai da ta ƙaƙaba ya jawo tarzoma a Landan a Maris 1990, hauhawar farashi ta koma kusan kashi 11, jam'iyyar ta rasa kujerar Eastbourne a zaɓen cike gurbi a Oktoba, 'yan majalisa na tsoron rasa kujerunsu. Abin da Howe ya yi shi ne ya ba mai son tsayawa dalili. Washegari Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyyar. Ranar 20 ga Nuwamba Thatcher ta samu ƙuri'a 204, Heseltine 152, saura 4 ta cika ratar da ƙa'ida ta nema. Ministocinta suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai ba, ta janye ranar 22, Major ya gaje ta ranar 28.

Thatcher ta ɗauke shi cin amana har ƙarshen rayuwarta, masoyanta ma haka. Ban yarda ba. Wanda ya ci amana yakan zauna a kujerarsa yana raɗa wa 'yan jarida a ɓoye. Howe ya ajiye muƙami da mota da gidan gwamnati tukuna, ya faɗi dalilinsa da sunansa a gaban wadda yake suka, bai kuma nemi kujerarta ba. Idan akwai laifin da za a ɗora masa, na jinkiri ne, wanda shi ma ya ambata.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa a kan ɗaure darajar fam, abin da ya biyo baya ya fi goyon bayan Thatcher. Birtaniya ta shiga tsarin a Oktoban 1990, aka fitar da ita da ƙarfin kasuwa ranar 16 ga Satumba 1992 bayan asarar biliyoyin fam, jam'iyyar kuma ta daɗe ba ta farfaɗo daga wannan kunya ba.

Me ya hana shi zama firaminista?

Sau ɗaya ya nema, a zagaye na biyu na zaɓen shugaban jam'iyya a Fabrairun 1975. Ya samu ƙuri'a 19, Thatcher 146. Daga nan ya zauna jiran ranar da za ta sauka don kanta, ranar ba ta zo ba sai da ƙarni na su Major ya taso.

Yaya ya ƙare rayuwarsa ta siyasa?

Ya bar majalisar wakilai a 1992 ya shiga majalisar dattawa da laƙabin Lord Howe na Aberavon, mazaɓar da ta ƙi shi sau biyu. Matarsa Elspeth, wadda suka yi aure a 1953 kuma ta yi suna wajen fafutukar daidaita haƙƙin mata a wurin aiki, ita ma ta shiga majalisar a 2001 da cancantar kanta. Ba ta taɓa shiri da Thatcher ba, abin da ya sa aka yi ta raɗe-raɗin ita ta rubuta jawabin murabus ɗin, su biyun kuma suka musanta.

Bai sauya ra'ayi kan Turai ba. A 2013 ya fito fili ya ce firaministan lokacin, David Cameron, ya rasa ikon jam'iyyarsa a kan batun, tun da ya yi alkawarin sake tattauna zaman ƙasar a Tarayyar Turai da kuma ƙuri'ar raba gardama. Ya yi ritaya daga majalisar dattawa a Mayun 2015, ya rasu bayan wata biyar a gidansa da ke Warwickshire. An kaɗa ƙuri'ar ranar 23 ga Yunin 2016, kashi 52 suka zaɓi ficewa, majalisa kuma ta soke dokarsa ta 1972 a cikin dokokin da suka fitar da ƙasar daga Tarayyar a 2020.